Wa ya duba gyaran kwamfutocin sirrin Amurka kafin shekarar 2000?

Bakatsine:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ke cina tun jiya. Gwamnatin tarayyar Amurka ta kashe kusan dala biliyan 8.5 wajen gyaran kwamfutocinta kafin shigar shekarar 2000, kuma ma'aikatar tsaro kaɗai ta ci wajen biliyan 3.6 a ciki. Kwamfutar biyan fansho idan ta lalace, gobe da safe tsofaffi za su cika ofis, kowa ya sani. To wadda ke karɓar hotuna daga tauraron leƙen asiri fa? Ko wadda ke riƙe da lissafin kayan nukiliya? Ba ɗan jarida da zai shiga ɗakin, yawancin 'yan majalisa ma ba su da izinin leƙawa. Idan mai ɗakin ya fito ya ce na gyara, wa ya tabbatar?

Auta:
Wa alaikumus salam. Ku yi haƙuri yayyena, ni a 2001 aka haife ni. Mene ne ainihin matsalar tukuna?

Baba Injiniya:
'Yata, a zamanin da aka rubuta waɗancan manhajoji, wurin ajiya a kwamfuta tsada gare shi ƙwarai. Sai masu rubutu suka riƙa ajiye shekara da lamba biyu, 1975 ta zama 75. Ba matsala har sai an zo 00. Ki ce wa kwamfuta ta cire shekarar haihuwar mutum, 60, daga 00, sai ta ba ki shekara 60 a ƙasa da sifiri. Wata kuma ta ɗauka 1900 ce. Wata ta ƙi karɓa ta tsaya cak. Agogon rundunar ruwan Amurka da ke shafin intanet ma, wanda ake saita lokaci da shi, a daren ya nuna shekarar 19100.

Gyaran layi ɗaya ba wuya. Wahalar ita ce nemo shi a cikin miliyoyin layuka na tsohon yaren rubuta manhaja mai suna COBOL da makamantansa, waɗanda masu rubuta su wasu sun yi ritaya, wasu sun rasu. Ni a lokacin ina sashen kwamfuta na wani banki a Kano, zan ba ku labarin daga baya.

Ɗan Maraɗi:
Baba, da girmanka, amma ni har yau ban yarda ba. Italiya da Rasha ba su kashe ko kusa da abin da Amurka ta kashe ba, kuma gari ya waye musu lafiya. 'Yan kwangila ne suka tsorata duniya suka kwashi rabonsu.

Hajiya Odita:
Ɗan Maraɗi, cewa an yi zuzutawa gaskiya ne, masu sayar da gwangwanayen abinci da janareta sun sha kasuwa. Amma tambayar Bakatsine daban ce, kuma akwai amsarta a rubuce.

A 1998 ofishin sufeto janar na ma'aikatar tsaron Amurka, wato mai binciken cikin gidanta, ya binciki hukumar da ke kula da makamai na musamman, wato wadda alhakin lissafin tarin makaman nukiliya ke wuyanta. Hukumar tana da tsarin kwamfuta biyar da aka ce aiki ba ya yiwuwa sai da su. Ta aika rahoto sama cewa uku daga cikinsu sun shirya. Da masu bincike suka ce a kawo takardun gwaji, sai aka tarar ba a yi gwajin da ƙa'ida ta gindaya ba. An cike fom, an sa hannu, an tura. Labarin ya fita jaridu a watan Nuwamban shekarar, lokacin an riga an narkar da hukumar cikin wata sabuwa tun 1 ga Oktoba.

Shekara ashirin da biyu ina aikin binciken asusu, kuma abin da na fi tsoro shi ne takardar da mutum ya ba wa kansa shaida. Ba lallai maƙaryaci ne ba. Sau da yawa ya yi imani da abin da ya rubuta, ɗan kwangila ya ce masa an gama, shi kuma wa'adi ya matso shi. Ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa ya sa 31 ga Maris 1999 a matsayin ranar da dole kowace ma'aikata ta gama, yana kuma karɓar rahoto duk wata uku. Duk inda aka ce kawo adadi kafin rana kaza, adadi zai zo. Ingancinsa ne abin tambaya.

Manjo Mai Ritaya:
Hajiya, ki duba abin da kika faɗa da kyau. Wa ya kama su? Sufeto janar na ma'aikatar kanta. Ba ɗan jarida ba, ba ɗan siyasa ba. Mutanen cikin gida ne masu izinin ganin sirri suka shiga suka ce ku kawo shaida. Ke nan tsarin ya yi aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ina so matasanmu su fahimci dalilin sirrin. Idan ka fito fili ka ce na'urar da ke hango harba makamai masu linzami ba za ta iya karanta kwanan wata ba daga ƙarfe kaza, ka faɗa wa abokin gaba sa'ar da kake makaho. Wannan ba ɓoye laifi ba ne, kare rayukan mutane ne. Na yi shekaru a sashen sadarwa, na san abin da ake nufi da kalma ɗaya ta fita inda bai kamata ba.

Yaya Lauya:
Ranka ya daɗe Manjo, ban musa ba. Sai dai sa idon ba hawa ɗaya ba ne, bari in jero yadda aka yi. A Fabrairun 1998 Shugaba Bill Clinton ya kafa majalisar kula da shirin, ya ɗora John Koskinen a kai. A Afrilu majalisar dattawa ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Sanata Robert Bennett da Sanata Christopher Dodd. A majalisar wakilai kuma akwai Stephen Horn, tsohon shugaban jami'a daga Kalifoniya, wanda ya riƙa ba wa ma'aikatu maki kamar 'yan makaranta, a karanta a gaban 'yan jarida. Ma'aikatar tsaro ta daɗe tana can ƙasa a jerin, a 1998 makinta bakin faɗuwa yake. Ofishin binciken majalisa, GAO, tun Fabrairun 1997 ya sa matsalar cikin jerin abubuwa masu babban haɗari.

Wancan makin da ake karantawa a bainar jama'a a ganina shi ya sa manyan Pentagon, wato hedikwatar ma'aikatar tsaro, suka ba sufeton gidansu ƙarfin gwiwar tono. Da babu kunya daga waje, rahoton cikin gida a durowa zai kwana.

Amma ga inda gizo ke saƙar. GAO ɗin nan da kowa ke yabo, hukumar CIA ta shafe shekaru da dama ba ta yarda ya binciki ayyukanta. Hujjarta ita ce wannan hurumin kwamitocin leƙen asiri biyu ne na majalisa, waɗanda aka kafa a 1976 da 1977. Su kuma zamansu a rufe yake. Don haka a daidai wurin da haɗarin ya fi girma, a nan idanun da ke kallo suka fi ƙaranci.

Auta:
To Yaya, a ƙarshe wani abu ya lalace ne a irin waɗannan wuraren, ko duk tsoro ne?

Bakatsine:
Ya lalace ƙanwata, kuma shi ne ya sa na buɗe maganar. Kwamfutocin soja da yawa da agogon GMT suke aiki. Sha biyun dare a wannan agogon ya yi daidai da ƙarfe bakwai na yamma a Washington, ƙarfe ɗaya na dare a nan gida. Da lokacin ya buga, tashar ƙasa da ke karɓar bayanai daga wasu taurarin leƙen asiri ta kasa sarrafa abin da ke sauko mata. Taurarin suna sama lafiyarsu ƙalau, suna turowa, amma ƙasa ba ta ganewa. Sa'o'i biyu zuwa uku ana haka, sannan aka koma hanyar ko-ta-kwana da ba ta kai ta asali ƙarfi ba, ba a gama daidaita komai ba sai Litinin 3 ga Janairu. Jaridu sun ce tashar tana sansanin Fort Belvoir ne a jihar Bajiniya.

A daren, an yi taron manema labarai a Pentagon bayan abin ya faru, ba a ambace shi ba. Sai washegari mataimakin sakataren tsaro John Hamre ya fito ya amsa cewa an samu matsala guda babba.

A masana'antar Y-12 da ke Oak Ridge a jihar Tenesi kuma, kwamfutar da ke bin diddigin nauyi da nau'in kayan nukiliya ta samu tangarɗa, aka gyara cikin 'yan sa'o'i.

Baba Injiniya:
Nan ne wurin da nake so ku tsaya. Tsarin taurarin nan ba wai an manta da shi ba ne. An yi masa faci, an gwada, an ba shi shaida. Abin da ya faru shi ne gunduwa-gunduwa aka gwada shi, saboda tsari ne da ke aiki dare da rana, ba a iya kashe shi a tura agogonsa gaba a ga abin da zai yi a haɗe. Kowane yanki ya ci jarrabawa shi kaɗai. Da aka haɗu a daren gaskiya, sai facin ya ƙi zama da sauran.

Duk wanda ya taɓa jan ruwan famfo a gida ya san wannan. Ka duba kowane bututu a shago, ba huda ko ɗaya. Ka haɗa su, ka saki ruwa, sai ka ga yoyo a mahaɗa. A kwamfuta ma mahaɗar ce ke kashe mutum: wannan ya gyara nasa ya koma lamba huɗu, wancan ya bar lamba biyu ya ce duk abin da bai kai 30 ba a ɗauke shi ƙarni na 21, na uku yana jiran tsohon salo. Kowa ya yi daidai a ɗakinsa.

Majalisar dokokin Amurka ta hango wannan, shi ya sa a dokar kasafin tsaro da aka sa wa hannu a 1998 ta tilasta a yi atisayen soja aƙalla 25 da agogon da aka tura zuwa 2000. An yi, har an zarce. Amma tsarin da ba ya kashuwa, ba ya shiga irin wannan atisayen gaba ɗayansa. Tambayar da ya kamata mai sa ido ya yi ba "an gwada?" ba ce kawai. Ita ce "wane irin gwaji, kuma me aka bari ba a gwada ba?"

Hajiya Odita:
Allah ya saka da alheri Baba, ka faɗi abin da ke raina. Kuma Manjo, ka lura, amsar wannan tambayar ba ta tona asirin komai. Ba na bukatar sanin me tauraron ke ɗauka, ko wace ƙasa yake kallo. Ina bukatar layi ɗaya a rahoto: tsari kaza ne ba a iya yi musu gwaji a haɗe ba, ga wanda ya amince da hakan, ga abin da aka tanada idan suka faɗi. Shi ke nan.

Wani abin kuma da ya kamata a sani. A 1997 ma'aikatar tsaro ta lissafa kusan tsari dubu huɗu a matsayin waɗanda ba makawa sai da su. Zuwa 1999 adadin ya sauko dubu biyu da 'yan kai. Wasu an yi ritayarsu da gaske, wasu tun farko kuskure ne sa su a jerin. Amma duk mai aikina ya san cewa idan ana auna ka da kaso cikin ɗari, hanya mafi sauƙi ta hawa sama ita ce rage yawan abin da ake ƙirgawa. A ɓangaren da ke fili ana iya bin kowane ɗaya a tambaya me ya sa aka cire shi. A ɓangaren sirri, in kifi ya fito ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa masa?

Manjo Mai Ritaya:
Maganar layi ɗaya a rahoto na karɓa. Amma jinkirin sanarwar daren, a nan ba zan bi ku ba. Ku tuna wane dare ne. A ranar Boris Yeltsin ya sauka ya miƙa wa Vladimir Putin mulki. Ana yaƙi a Checheniya. Makonni biyu da 'yan kwanaki kafin nan an kama wani mutum a kan iyakar Kanada da kayan haɗa bam a mota. Ko ni ne a kujerar Hamre, ba zan ce wa duniya idona ya rufe ba sai ya buɗe.

Kuma ku ba su haƙƙinsu a inda suka yi abin kirki. A sansanin Peterson da ke Kolorado, hafsoshin Rasha da na Amurka suka zauna ɗaki ɗaya suna kallon allo ɗaya na gargaɗin harba makamai, don kada kwamfutar wani ta yi mafarki a ɗauka hari ne. An dakatar da shirin saboda ruwan bama-baman Kosobo a Maris 1999, aka farfaɗo da shi a Satumba. Wannan shi ne sa ido mafi girma da aka yi, ka bar abokin hamayyarka ya ga abin da kake gani.

Yaya Lauya:
Ranka ya daɗe, ai misalinka namu yake ƙarfafawa. Idan za a iya zaunar da kanar ɗin Rasha a gaban allon, to sirri abu ne da ake iya yanka masa iyaka, a nuna wannan a rufe wancan. Shiru na sa'o'i uku ina iya fahimta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar jami'i ya tsaya gaban jama'a ya ce komai lafiya. Ana iya cewa ba za mu yi magana a kan tsarin leƙen asiri yau ba.

Kuma hukumar da ke da taurarin, NRO, tana da tarihi. Sai 1992 gwamnati ta amsa cewa akwai ta ma. A 1995 aka gano ta tara kuɗin da ba ta kashe ba, fiye da dala biliyan ɗaya a ƙiyasin farko, ba tare da masu sa ido sun san yawansu ba, har shugabanta ya rasa kujerarsa a 1996. Hukumar da aka sha wahalar ƙirga kuɗinta, ba laifi ba ne a nemi ganin takardar gwajinta.

Ɗan Maraɗi:
To na ji, akwai abin da ya lalace. Amma ba wanda ya mutu.

Baba Injiniya:
A daren ba a ji ba, alhamdu lillahi. Amma kuskuren agogo ya taɓa kashe mutane. Ranar 25 ga Fabrairu 1991 a Zahran ta Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta yi sa'o'i kusan 100 a kunne ba a kashe ta ba. Yadda take ƙirga lokaci yana da ɗan guntun kuskure da ke taruwa, a sa'o'i ɗarin ya kai sulusin daƙiƙa. Makami mai linzami samfurin Scud da aka harbo kuwa a sulusin daƙiƙa yana wuce rabin kilomita. Na'urar ta duba inda ba ya nan, ba ta harba ba, ya faɗa kan barikin sojojin Amurka, mutum 28 suka mutu. Gyararriyar manhajar ta iso washegari.

Mun san wannan dalla-dalla ne saboda GAO ya bincika ya wallafa rahoto a 1992, kowa na iya karantawa, har yau ana koyar da shi a azuzuwan kwamfuta. Makami ne na soja, amma an iya bayyana kuskuren ba tare da an sayar da ƙasa ba.

Auta:
Baba, malaminmu ya ce akwai wata irinta a 2038.

Baba Injiniya:
Gaskiya ya faɗa. Tsofaffin tsarin Unix, wato wata manhajar tafiyar da kwamfuta, suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ma'ajin ƙirgar yana cika a 2,147,483,647. Wannan zai faɗo 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, sai ƙirgar ta juya ta koma 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci yawanci sun tsira. Abin damuwa ƙananan na'urorin da aka binne cikin manyan injuna, a jiragen ruwa da tashoshin rada, waɗanda ake saya don su yi shekara talatin. Kada ki ɗauka soja na sauya kaya da wuri. A 2016 GAO ya bayyana cewa wani tsarin isar da umarni ga rundunar nukiliyar Amurka yana aiki da faifan ajiyar bayanai mai inci takwas na shekarun 1970, sai 2019 aka daina amfani da faifan.

Hajiya Odita:
Baba, ka yi mana alkawarin labarin banki. Kuma ina da tambaya, don na san irin fom ɗin da aka riƙa rabawa a lokacin. Ka sa hannu?

Baba Injiniya:
Hajiya, na sa.

A watan Oktoban 1999 aka turo mana takarda daga hedikwata a Legas, shafi biyu, kowace na'ura da akwatin da za a yi wa alama. Ɗan kwangila ya riga ya zo ya manna wa kowace kwamfuta koriyar takarda a goshi, alamar ta shirya. Na ce wa manajanmu ina so a ba ni Asabar ɗaya in kwafi bayanan a wata na'ura in tura agogonta gaba. Ya ce takardar gobe za ta bi jirgi, duk sauran rassa sun mayar, mu kaɗai muka rage. Mutumin kirki ne, shi ma daga sama ake matsa masa. Na karɓi biro na sa hannu.

Ban iya barci sosai ba a makon. Asabar ta biyu na je da kaina, ni da mai gadi da ƙarar janareta. Na tura agogon zuwa 3 ga Janairu 2000, na sa ta lissafa ribar ajiyar wa'adi. Asusun farko da ya fito na wata hajiya ce mai sayar da atamfa a Kwari, ajiyar wata shida. Kwamfutar ta lissafa kwanakin a ƙasa da sifiri, kusan shekara ɗari, ta nuna hajiyar ce banki ke bi bashi. Wata ƙaramar manhaja ce da wani ma'aikaci ya rubuta shekaru da suka wuce, ba ta cikin jerin ɗan kwangila, ba ta cikin fom ɗin hedikwata, don ba wanda ya san da ita sai mu.

Na gyara ta cikin kwana huɗu, na rubuta wa hedikwata bayani, wasu rassa biyu suka duba suka tarar da irinta. Daren 31 ga Disamba ya faɗo Juma'a, cikin goman ƙarshe na azumi. A ofis muka yi buɗa baki, muka buga ma'aunin kowane asusu a dogayen takardu muka jibge a kwali, muka zauna muna jin karatun tahajjud daga masallacin bayanmu har ƙarfe ɗaya ta wuce. Ba abin da ya faru. Takardar da na sa wa hannu a Oktoba kuwa ba wanda ya taɓa dawo mini da ita ya tambaye ni wane gwaji na yi kafin in sa.